Filin Tambaya da Amsa: Gaɓa, Ƙarfin Murya da Ƙirar Aikatau a Italiyanci

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga Italiyanci, kuma yawancinsu sun fito ne daga 'yan'uwanmu mazauna Italiya ko masu shirin tafiya can karatu. Mun zaɓi biyar waɗanda duk suka shafi aikatau. Domin sauƙin karatu za mu riƙa raba kalmomi gaɓa-gaɓa, gaɓar da ake ƙarfafawa wajen furuci kuma mu rubuta ta da manyan haruffa, ko da yake Italiyawa ba haka suke rubutunsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Kano, ina koyon Italiyanci a Perugia kafin in shiga jami'a. Malamarmu takan tsayar da ni duk lokacin da na furta parlano ko abitano ko telefonano, ta ce na ɗora ƙarfin murya a inda ba a ɗora shi. Na duba littafi ban ga wata alama a kan kalmomin ba. Ta yaya mutum zai gane gaɓar da ake ƙarfafawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya same ki yana samun kusan duk Bahaushen da ya fara wannan harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da nata kari, kuma da shi muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Italiyanci ba shi da wannan tsari. Abin da yake da shi shi ne gaɓa ɗaya tak a kowace kalma wadda ake fifitawa a kan sauran: a ɗan ja ta, a ɗan ƙara mata ƙarfi, sauran gaɓoɓin su bi ta da sauri.

Mafi yawan kalmomin harshen a gaɓa ta biyun ƙarshe ake ƙarfafa su, kamar par-LA-re (yin magana) da man-GIA-re (cin abinci). Kunnen sabon ɗalibi yakan saba da wannan, sai ya ɗauka doka ce marar togiya, ya ce par-LA-no. Masana nahawun Italiyanci kuwa gida-gida suka kasa kalmomi. Wadda ake ƙarfafawa a gaɓar ƙarshe suna kiran gidanta tronche, ta biyun ƙarshe piane, ta ukun ƙarshe sdrucciole, ta huɗun ƙarshe bisdrucciole. Wannan gida na huɗu kusan na aikatau ne kaɗai, kuma a nan abitano da telefonano suke zaune.

Ki ɗauki parlare a lokaci mai ci: PAR-lo, PAR-li, PAR-la, par-LIA-mo, par-LA-te, PAR-la-no, wato ina magana, kina magana, yana magana, muna magana, kuna magana, suna magana. A sigogin ni da ke da shi da su, ƙarfin yana kan saiwar aikatau. A sigogin mu da ku kaɗai yake tashi ya koma kan ɗafa-ƙeya. Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne gaɓar -no ta jam'i ba ta jawo ƙarfi zuwa wajenta. Ki furta sigar shi tukuna, sannan ki liƙa mata -no ba tare da kin motsa komai ba: A-bi-ta ta zama A-bi-ta-no (suna zaune a wuri kaza), te-LE-fo-na ta zama te-LE-fo-na-no (suna buga waya), la-VO-ra ta zama la-VO-ra-no (suna aiki). Haka ma a shuɗaɗɗen lokaci na sabo, par-LA-va (yakan yi magana a da) jam'inta par-LA-va-no ne, alhali sigar mu par-la-VA-mo ce. Lokaci mai zuwa ne ya fita daban da par-le-RAN-no, kuma za ki ga dalilinsa a amsar ƙarshe ta wannan fili.

Saura tambayar da ta fi wuya, wato yadda za a san inda ƙarfin sigar shi ɗin kanta yake. A nan babu dokar da za ta raba ki da ƙamus. Ordinare da cucinare kamanninsu ɗaya a takarda, amma ana cewa OR-di-no (ina ba da oda) da cu-CI-no (ina girki). Dabarar da ta fi taimakawa ita ce neman sunan da aikatau ɗin yake dangi da shi, domin sau da yawa a gaɓa ɗaya suke ɗaukar ƙarfi: OR-di-ne da OR-di-no, cu-CI-na da cu-CI-no, te-LE-fo-no na waya da te-LE-fo-no na bugawa. Idan kika yi shakka, akwai ƙamus na musamman kan rubutu da furuci da ake kira DOP, wanda gidan rediyo da talabijin na ƙasar, RAI, ya fara fitarwa a 1969.

Game da rashin alama, ƙa'idar rubutunsu ta wajabta sa alamar ne kawai idan ƙarfin ya faɗa a gaɓar ƙarshe, sai kuma wasu 'yan kalmomi masu gaɓa ɗaya kamar è da dà. Mu da rubutunmu na boko bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, mun san yadda mai karatu yake cike gurbin da abin da ya riga ya sani. Kada ki ɗauki gyaran malamarki a matsayin tsanani, domin ma'ana ce take kare miki: CA-pi-to na nufin nakan faɗo wuri ba shiri, ca-PI-to na nufin an gane, ca-pi-TÒ kuma abu ya auku.

TAMBAYA: Malam, da Faransanci na yi karatuna a Yamai, yanzu kuma ina koyon Italiyanci domin aikin fassara. A Faransanci muna raba rester mu rubuta res-ter, amma na ga an raba restare an rubuta re-sta-re. Kuskuren bugu ne ko ƙa'ida ce?

AMSA: Ƙa'ida ce, ɗan'uwa. A rubutun Italiyanci duk s ɗin da wani baƙi ya biyo ta, gaɓa ta gaba take bi: re-STA-re, a-spet-TA-re (jira), fi-NI-sco (ina gamawa), co-stru-I-re (ginawa). Masana furuci da dama suna ganin a baki s ɗin gaɓar baya take rufewa, saboda wasalin da ya gabace ta gajere yake fita, amma wannan bai sauya abin da za ka yi a ƙarshen layi ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da rikici. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu na gaɓa ta gaba ne, kamar a-MA-re. Baƙi mai shadda a tsakiya ake tsaga shi: LEG-ge-re, MET-te-re, COR-re-re, kuma cq ma haka, ac-qui-STA-re. Idan l ko r ko m ko n ta gabaci wani baƙi, ita ce take rufe gaɓar baya: par-LA-re, sen-TI-re, com-PRA-re. Idan kuwa l ko r ce ta biyo bayan baƙi irin p ko b ko t ko c, tare suke tafiya, kamar a-PRI-re (buɗewa). Haruffan da aka haɗa domin sauti ɗaya, wato gn da gli da sci da ch da gh, ba a raba su: so-GNA-re, SCE-glie-re, la-SCIA-re, cer-CHIA-mo.

Wasula ne suka fi neman natsuwa. A mangiare da cominciare da lasciare, i ɗin ba wasali ba ne da ake furtawa. Alama ce kawai da ke nuna yadda za a karanta baƙin da ya gabace ta, shi ya sa man-GIA-re gaɓa uku ce, kuma shi ya sa take ɓacewa a mangerò, inda e ta riga ta yi aikinta. A studiare kuma i tana haɗuwa da wasalin gaba su zama tagwaye, STU-dio, gaɓa biyu. A inviare (aikawa) ita i ɗin ce take ɗaukar ƙarfi, in-VI-o, gaɓa uku. Daga nan bambancin rubutu ya taso: ana rubuta studi da i ɗaya, invii da i biyu.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafe mu musamman. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bakinmu yake cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka yi wa burodi da sukundireba. Wanda bai kula ba sai ya mai da SCRI-ve-re (rubutawa), mai gaɓa uku, ta koma sukuribere mai gaɓa biyar, kuma da zarar adadin gaɓoɓi ya ƙaru, ƙarfin murya ma ya ɓace masa. A gefe guda kuma muna da wata fa'ida da Baturen Ingila ba shi da ita. A Hausa dogon wasali yana gajarcewa idan gaɓa ta rufu, kamar yadda a ɗin gida take gajarcewa a gidansa. Italiyanci ma haka yake: wasali mai ƙarfi yana tsawaita a buɗaɗɗiyar gaɓa ta tsakiyar kalma, ya gajarce a rufaffiya. Saboda haka FA-to (ƙaddara) da dogon a ake faɗinta, FAT-to (an yi) da gajere.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a wata masana'anta kusa da Brescia, ina shirin jarrabawar harshe ta matakin B1 da ake buƙata wajen neman zama ɗan ƙasa. Aikatau marasa bin ƙa'ida sun gajiyar da ni. Ana cewa vengo, vieni, sannan veniamo. Esco sannan usciamo. Finisco sannan finiamo. Haddace su zan yi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wata hanya?

AMSA: Allah ya ba da sa'a, ɗan'uwa. Wannan sharaɗi na B1 ya shigo dokar zama ɗan ƙasa ne a ƙarshen 2018, kuma na san yadda yake wa mai aikin yini guda nauyi. Hadda ba za ta kauce ba gaba ɗaya, amma ba ta kai yawan da kake zato ba, domin aikatau ɗin da littattafai suke kira marasa ƙa'ida suna da tasu ƙa'idar, kuma ƙarfin murya ne yake tafiyar da ita. A ganina babban giɓin da ke cikin koyarwar da ake yi wa baƙi shi ne a ba su jerin sigogi su haddace ba tare da an nuna musu wannan ba.

Mu fara da ƙirar kalmar. A Hausa, bayanin wanda ya yi aiki da lokacin da ya yi shi a gaban aikatau yake zuwa: na tafi, zan tafi, muna tafiya. A Italiyanci a ƙeya yake zuwa, kashi-kashi. Kalmar parlavamo tana da saiwa parl-, da wasalin aji -a-, da alamar lokaci -va-, da alamar mu, wato -mo. Wasalin ajin shi ne yake raba aikatau gida uku, masu -are da masu -ere da masu -ire. To, a kowace siga ƙarfin murya ko dai ya sauka a kan saiwa ko ya sauka a bayanta, kuma a lokaci mai ci rabon bai canzawa: ni, kai, shi da su a kan saiwa, mu da ku a bayanta.

Yanzu ka sake duba misalanka da wannan ido. Uscire (fita): E-sco, E-sci, E-sce, u-SCIA-mo, u-SCI-te, E-sco-no. Saiwa mai ƙarfi esc- ce, marar ƙarfi usc-. Dovere (wajabta): DE-vo, DE-vi, DE-ve, dob-BIA-mo, do-VE-te, DE-vo-no, wato e inda ƙarfi yake, o inda babu. Andare (tafiya) ta fi kowa nisa, domin saiwa biyu daban take amfani da su, amma rabon na nan yadda yake: VA-do, VAI, VA, an-DIA-mo, an-DA-te, VAN-no. Ɗafa-cikin -isc- na finire da capire da preferire ma a waɗannan gurabe huɗu kaɗai yake fitowa, kuma shi yake karɓar ƙarfin a madadin saiwa: fi-NI-sco, fi-NI-sci, fi-NI-sce, fi-NIA-mo, fi-NI-te, fi-NI-sco-no. Abin da kawai za ka haddace shi ne wane aikatau mai -ire ne yake ɗaukar -isc- da wanda ba ya ɗauka, kamar dormire da partire da sentire.

Venire (zuwa) ita ce ta fi burge ni, domin a cikinta rabon gaɓa da ƙarfin murya suke haɗuwa. A harshen Latin, wanda Italiyanci ya fito daga cikinsa, akwai gajeren e da gajeren o. A bakin mutanen Toskana, wani yanki na tsakiyar Italiya, waɗanda karin harshensu ya zama daidaitaccen Italiyanci, waɗannan wasula sun rikiɗe zuwa ie da uo, amma da sharaɗi biyu: gaɓar ta kasance mai ƙarfi, kuma ta kasance buɗaɗɗiya. VIE-ni da VIE-ne sun cika sharaɗin duka biyu. A ve-NIA-mo da ve-NI-te gaɓar buɗaɗɗiya ce amma ba ta da ƙarfi, sai e ta zauna yadda take. A VEN-go da VEN-go-no tana da ƙarfi amma n ta rufe ta, nan ma e ba ta canza ba. Da ka fahimci wannan, tenere (riƙewa) ta zo maka kyauta: TEN-go, TIE-ni, TIE-ne, te-NIA-mo. Haka sedere, SIE-do da se-DIA-mo. Haka potere, POS-so da PUOI da PUÒ da po-TE-te. Haka volere, VUO-le da vo-LE-te. Haka morire, MUO-re da mo-RIA-mo. Ba ko'ina tsarin ya tsira ba, domin a wasu aikatau kamar suonare da chiedere tagwan wasalin ya bazu zuwa dukkan sigogi, amma a waɗanda ake yawan amfani da su kullum yana nan daram.

Ko shuɗaɗɗen lokaci mai nisa, wanda ka fi cin karo da shi a littattafai da jaridu, a kan wannan turba yake. Prendere (ɗauka): PRE-si, pren-DE-sti, PRE-se, pren-DEM-mo, pren-DE-ste, PRE-se-ro. Inda ƙarfi yake kan saiwa, a nan ne kaɗai saiwar take canza kama. Idan ka san PRE-si, ka san PRE-se da PRE-se-ro, sauran ukun kuma daga prend- za ka gina su.

Bari in ƙara abu ɗaya da kunnen Bahaushe zai kama nan take. Muna cewa karanta da karanci, fansa da fanshi, ciza da ciji, saboda i tana ganɗanta baƙin da ya gabace ta. Haka LEG-go take komawa LEG-gi, inda g ta zama j, kuma co-NO-sco ta koma co-NO-sci, inda sc ta zama sh. Aikatau masu -are kuwa ba sa yarda da wannan, shi ya sa ake cusa h a rubutu domin a tsare sautin: cerco da cerchi, pago da paghi.

TAMBAYA: Malam, me ya sa ake cewa PREN-de-re amma ve-DE-re, alhali duka da -ere suka ƙare?

AMSA: Domin a Latin gida biyu ne daban, ɗaya mai dogon e, ɗaya mai gajere, sai rubutun Italiyanci ya haɗe su. Masu ƙarfi a kan saiwa su ne mafi yawa: MET-te-re, CHIE-de-re, VI-ve-re, co-NO-sce-re, ri-SPON-de-re, ES-se-re. Saboda haka ya fi sauƙi ki haddace 'yan kaɗan ɗin da ke ɗaya gidan, irin su a-VE-re, sa-PE-re, po-TE-re, vo-LE-re, do-VE-re, ve-DE-re, te-NE-re, ca-DE-re, pia-CE-re, se-DE-re da ri-ma-NE-re, ki ɗauka sauran a saiwa ake ƙarfafa su har sai ƙamus ya nuna miki akasin haka. Ilimin Latin ma ba ya warware matsalar gaba ɗaya, domin wasu sun sauya gida a hanya: sapere da cadere sun fito daga masu gajeren e, rispondere da ridere daga masu dogo.

TAMBAYA: Malam, ina sana'a a Napoli. Na kasa jin bambanci tsakanin parleremo da parleremmo, kuma ban gane daga ina m ta biyu ta fito a dammi da dimmi ba.

AMSA: Bambancin da ke tsakanin baba da babba, ko daba da dabba, shi ne ke tsakaninsu, ɗan'uwa, kuma bakinka ya iya shi tun kana yaro. Par-le-RE-mo da dogon e, ma'anarta za mu yi magana. Par-le-REM-mo da gajeren e da shadda a kan m, ma'anarta da mun yi magana, wato sigar sharaɗi. A ciniki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin pagheremo alkawari ne cewa za mu biya, pagheremmo kuwa da mun biya ne in da hali ya yi.

Waɗannan sigogi biyu gini ne na kalma biyu da suka manne. Lokaci mai zuwa ya samu ne daga tushen aikatau haɗe da sigogin avere (mallakar abu): parlare da ho suka ba da parlerò, da hai parlerai, da ha parlerà, da hanno parleranno. Ƙarfin ya zauna a kan ɓangaren avere, shi ya sa ake samun par-le-RÒ da par-le-RAN-no. Sigar sharaɗi kuma daga shuɗaɗɗen lokacin avere take, ebbe da ebbero, sai aka sami parlerebbe da parlerebbero. Da ƙarfi ya koma ƙeya, wasalin tsakiya ya yi rauni. A masu -are ya sauya daga a zuwa e. A wasu aikatau ya faɗi gaba ɗaya, kamar andrò da avrò da vedrò da potrò da saprò. Inda faɗuwarsa ta sa n ko l ta yi karo da r, sai naso ya auku: venire ta ba da verrò, tenere terrò, volere vorrò.

Shaddar dammi kuwa daga wata ɗabi'ar harshen take, wadda mutanen tsakiya da kudancin Italiya suka fi bayyanawa a magana, kuma a Napoli za ka ji ta ko'ina: kalmar da ta ƙare da wasali mai ƙarfi tana ninka baƙin farko na kalmar da ta biyo ta. A mafi yawan wurare rubutu ba ya nuna wannan, amma idan wakilin suna ya manne da umarni mai gaɓa ɗaya, sai ya fito a takarda: da' da mi suka zama dammi (ba ni), di' da mi dimmi (gaya mini), fa' da lo fallo (yi shi), va' da ci vacci (je can). Gli kaɗai ba a ninka harafinta, ana rubuta dagli da digli. A dogayen umarni babu shadda, kuma wakilin suna ba ya motsa ƙarfi ko da guda nawa aka jera: POR-ta (kawo), POR-ta-lo (kawo shi), POR-ta-me-lo (kawo mini shi). Idan mai sayayya ya ce maka te-LE-fo-na-mi, buga mini waya yake nufi, kuma kai ma a gaɓa ta biyu daga farko za ka ƙarfafa ta idan kana mayar masa.